BABI NA UKU: ZAƁEN DARUSSA DA NAUYIN KARATU A HANYAR SHIGA JAMI'A

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a dubi yadda ɗalibin babbar sakandare a Nijeriya yake zaɓen darussan da zai karanta, da irin nauyin da zaɓen yake ɗora masa, da kuma yadda abubuwan nan biyu suke shafar samun gurbin karatu a jami'a. Abin da aka saba ji a bakin iyaye da ɗalibai shi ne, ranar da yaro ya je cike fom ɗin JAMB, ranar ce yake zaɓen abin da zai karanta. Babin zai nuna cewa ba haka al'amarin yake ba. Kafin wannan rana ta zo an riga an rufe wa yaro wasu ƙofofi tun kusan shekara 3 da suka wuce, wato tun ranar da aka raba 'yan aji huɗu zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci. Da kalmar fasaha a nan ana nufin fannin harsuna da adabi da tarihi da addini, kamar yadda ake cewa Tsangayar Fasaha a jami'o'i.

3.1 Matakan Tantancewa

Kafin shekarar 1978 kowace jami'a ita take shirya nata tsarin ɗaukar ɗalibai. Ɗalibi ɗaya yakan nemi jami'o'i biyu ko uku, duk su ɗauke shi, ya zaɓi ɗaya, sauran guraben su tafi a banza. Domin magance wannan ne gwamnatin soja ta lokacin ta kafa hukumar JAMB a 1978. A shekarar 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta shiga kwalejoji suka koma guda ɗaya, wato UTME, sa'annan daga 2015 aka mayar da rubuta ta gaba ɗaya a kan kwamfuta.

Mai neman gurbi yana da matakai uku a gabansa. Na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare, wadda hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, take shiryawa, ko kuwa NECO, wadda aka kafa a 1999 ta kuma yi jarrabawarta ta farko a 2000. A nan ana yin rajistar darussa 8 ko 9, jami'a kuma tana neman kiredit 5 a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake so, a zaman da bai wuce biyu ba. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. Wanda ya sami D7 ko E8 ya tsallake faɗuwa, amma jami'a ba ta ƙidaya masa su. Mataki na biyu shi ne UTME, inda ake amsa darussa 4, Turanci dole, kowane darasi maki 100, jimla 400. Na uku shi ne tantancewar da jami'a take yi da kanta, wadda aka fara a 2005, aka soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017.

Abin lura shi ne matakan nan sarƙe suke da juna. Darussa 4 na UTME suna fitowa ne daga cikin 9 na sakandare, kiredit 5 ma daga cikinsu suke, jami'o'in da suke yin jarrabawar tantancewa kuma galibi a kan waɗancan 4 suke tambaya. Ke nan akwai darasin da za a tuhumi ɗalibi a kansa har sau uku, akwai kuma wanda da zarar ya ajiye biro a ranar jarrabawarsa, ba mai sake tambayarsa. Duk maganar daidaita nauyin karatu a kan wannan bambanci ta ginu.

3.2 Rabon Azuzuwa a Aji Huɗu

A tsohon tsari na shekara 5 a sakandare, mai son jami'a yakan ƙara shekara 2 yana karanta darussa 3 kacal a matakin HSC kafin ya wuce. Tsarin 6-3-3-4, wanda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da shi, aka fara aiwatar da shi a 1982, ya kawar da wannan zango. A 1988 rukunin farko suka rubuta sabuwar jarrabawar kammala babbar sakandare. Sakamakon haka, zaɓen fanni ya tsaya a farkon aji huɗu, lokacin da mafi yawan yara ba su wuce shekara 14 ko 15 ba.

A ƙa'ida, sakamakon jarrabawar ƙaramar sakandare da sha'awar yaro da shawarar malamin jagoranci su ne ya kamata su yanke hukunci. A zahiri kuwa akwai wasu abubuwa da suke rinjaya. Na gaba-gaba shi ne daraja. A idon jama'a ajin kimiyya shi ne ajin masu ƙwaƙwalwa, ajin fasaha kuwa matattarar waɗanda aka tace aka bari. Uba yakan zo makaranta da kansa ya roƙi shugaban makaranta a mayar da ɗansa ajin kimiyya, ko da yaron da ƙyar ya haye Lissafi a aji uku, domin shi dai burinsa a ce ga likita a gidansa. Ita ma gwamnati tana da hannu a wannan rinjaye, da kyakkyawar niyya. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware aƙalla kashi 60 cikin 100 na guraben jami'o'in gama-gari ga kimiyya da dangoginta. A Jihar Kano tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin cike giɓin likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, kuma sun yi rawar gani ƙwarai. Sai dai waɗannan makarantu da jarrabawa suke zaɓen ɗalibansu, suna da ɗakunan gwaje-gwaje da malamai. Makarantar jeka-ka-dawo da take kwaikwayonsu ba tare da malamin Fiziks ba, sunan ajin kimiyya kawai ta ba yara.

Wannan ya kawo abu na biyu, wato abin da makaranta take da shi. Yaro ba ya zaɓen darasin da ba a koyarwa. A makarantu da dama na karkara babu malamin Adabin Turanci, alhali jami'o'i da yawa suna neman kiredit a wannan darasi ga mai son karanta Shari'a. Yaron da ya shekara 3 a ajin fasaha yana mafarkin zama lauya, yana iya zuwa ranar cike fom kafin ya ji wannan sharaɗi a karon farko. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma bin abokai, wanda ba ya bukatar dogon bayani.

Wani abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne, ƙofofin nan ba faɗinsu ɗaya ba. Ɗan ajin kimiyya da ya haɗa da Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa yana iya juyawa zuwa wasu kwasa-kwasan zamantakewa ko na gudanarwa idan kimiyya ta ƙi shi. Ɗan ajin fasaha ba shi da hanyar juyawa zuwa Likitanci ko aikin jinya ko Injiniyanci, domin bai taɓa zama ajin Kemistire ba. Da wannan hujja ce masu cewa a tura kowane yaro kimiyya suke kafa dalili, kuma hujjar tana da ƙarfi. Rauninta shi ne ta ɗauka cewa yaron zai ci darussan. Wanda aka tilasta wa kimiyya ya fito da F9 a Fiziks da D7 a Kemistire, ba shi da kiredit 5 na kimiyya, ba shi kuma da na fasaha tun da bai karanta su ba. Ya yi biyu-babu ke nan, ba tsuntsu ba tarko.

3.3 Darussa Tara da Guraben da Suka Rage

A tsarin farko na 6-3-3-4 darussan dole sun haɗa da Turanci da Lissafi da ɗaya daga manyan harsunan Nijeriya uku, wato Hausa ko Igbo ko Yarabanci. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011, wadda aka soma jarrabawa a kanta a 2014, ta sauya wannan. Ta shigo da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa da darasin sana'a guda ɗaya cikin na dole, harshen gida kuma ya koma na zaɓi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake sanar da gyaran manhaja da nufin rage wa yara nauyi, inda ta tsayar da darussan babbar sakandare a kan 8 zuwa 9.

Idan aka ɗauki ɗan ajin kimiyya a ƙarƙashin manhajar 2011, lissafin a bayyane yake. Darussan dole 4, a ƙara Fiziks da Kemistire da Bayoloji, sun zama 7. Gurabe 2 suka rage masa, masu neman su kuwa suna da yawa: Babban Lissafi, Aikin Gona, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki, Zanen Injiniya, Hausa, da Ilimin Addini. A waɗannan gurabe 2 ne kaɗai yaro yake da zaɓe na haƙiƙa, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Ra'ayoyi biyu ne suke karo da juna a nan. Na farko yana cewa a cike su da darussa masu sauƙi, waɗanda yaro zai ci ba tare da sun cinye masa lokaci ba. Na biyu yana cewa a cike su da masu nauyi, domin su share masa fagen karatun jami'a. Babban Lissafi shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Galibin jami'o'i ba sa sanya shi cikin sharuɗɗan shiga Injiniyanci, amma ɗalibin da ya karanta shi yakan iske Lissafin shekarar farko ta jami'a kamar bita, alhali wanda bai karanta ba yana fama. Ga yaro mai ƙarfi a Lissafi, mai kuma niyyar Injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, wahalar ta cancanci a sha ta. Ga mai niyyar Likitanci kuwa, wanda Lissafi ba ya cikin darussansa na UTME, ɗaukar Babban Lissafi don a ce ya iya, ɗaukar Dala ne ba gammo. Sa'o'in da zai kashe a kansa daga rabon Kemistire za su fita.

Ke nan tambayar da ta dace a yi wa kowane darasi na zaɓi ita ce, wace ƙofa yake buɗewa wadda sauran bakwai ba su buɗe ba? Tattalin Arziki yana buɗe wa ɗan kimiyya hanyar Akanta da gudanar da kasuwanci. Labarin Ƙasa yana buɗe ta tsara birane da safiyo. Aikin Gona yakan maye gurbin Bayoloji a kwasa-kwasan noma na jami'o'i da yawa. Darasin da yake da nauyi bai kuma buɗe komai ba, shi ne ya kamata a fara ajiyewa.

Ya dace a ɗan tsaya a kan Hausa. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta a matsayin kiredit na ɓagas, su yi watsi da ita har sai jarrabawa ta matso. Takardar kuwa ta ƙunshi nahawu da tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu da adabi da al'ada, ga littattafan da aka ware a karanta. Iya magana da harshe daban, iya rarrabe ajin aikatau daban. Ga ɗan ajin fasaha, Hausa tana iya zama ɗaya daga cikin kiredit 5 da kuma darussa 4 na UTME, har ta kai shi ga digiri a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo. Raina ta asara ce.

3.4 Haɗin Darussa Huɗu

Kowane kwas yana da haɗin darussan da JAMB ta tanadar masa, jami'o'i kuma sukan ƙara nasu sharuɗɗa. Mai neman Likitanci zai amsa Turanci da Bayoloji da Kemistire da Fiziks. Mai neman Injiniyanci zai amsa Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistire. Bambancin darasi ɗaya ne tak, amma wannan ɗaya ya raba hanya. A ɗauka wata ɗaliba ta nemi Likitanci ta sami maki 250, jami'ar kuwa ta tsaya a sama da haka, domin majalisar kula da aikin likitoci ta ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka. Makin nata wataƙila ya isa shiga wani reshe na Injiniyanci, tana kuma da kiredit mai kyau a Lissafi. Duk da haka ba za ta iya komawa can ba a wannan shekara, saboda ba ta amsa Lissafi a UTME ba. Abin da ya rage mata shi ne kwasa-kwasan da suke karɓar haɗinta, kamar Bayoloji ko Kemistire ko nazarin ƙananan halittu.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya tsayar da darussa 4, ya kamata ya dubi ba kwas ɗin da yake so kaɗai ba, har da dangin kwasa-kwasan da haɗin zai bar masa idan na farko ya kuɓuce. Idan duk cikinsu babu wanda zai iya zama da shi shekara 4, to caca yake yi da shekara guda ta rayuwarsa, domin sakamakon UTME ba ya ƙetare shekarar da aka yi shi.

Wani kuskure da ya yi katutu shi ne ɗaukar mafi ƙarancin maki na ƙasa a matsayin makin shiga. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i. Wannan iyakar ƙasa ce kawai, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwasa-kwasan da ake rububi suna neman sama da haka nesa ba kusa ba, alhali a jarrabawar 2024 kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai maki 200 ba.

Dangane da Lissafi, an sami sauyi a watan Oktoba na 2025, lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman kwasa-kwasan fasaha, amma yana nan daram ga na kimiyya da ƙere-ƙere da zamantakewa. Ma'aikatar ta kuma bayyana cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare. Sauƙi ne ga waɗanda Lissafi ya daɗe yana tarewa a bakin ƙofa. Amma ɗan ajin fasaha da ya saki Lissafi saboda wannan sanarwa, ya rufe wa kansa kimiyyar siyasa da nazarin zamantakewa da makamantansu da hannunsa.

3.5 Rabon Lokaci a Aji Shida

Nauyin gaskiya a aji shida yake sauka. UTME takan zo ne wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO kuma ta ɗora a Yuni da Yuli. Turanci yana da takarda 3, haka kowane darasin kimiyya, idan aka haɗa da ta gwaje-gwaje. Ɗan kimiyya mai darussa 9 zai zauna wa takarda sama da 20 a WAEC kaɗai, in kuma ya haɗa da NECO, adadin ya ninka. A ƙasar Hausa akwai ƙarin da ba ya fitowa a jadawalin makaranta. Yaro yakan tashi daga boko ya wuce Islamiyya bayan la'asar, wani ya tsare wa mahaifinsa shago, wani kuma damina ta same shi a gona daidai lokacin NECO. Yarinya ga aikin gida yana jiranta. Sa'o'in nazari na dare da suka rage ba su taka kara sun karya ba, balle in babu wuta.

Wanda ya raba wannan ɗan lokaci daidai wa daida tsakanin darussa 9 ya yi adalci ga darussan, bai yi wa kansa ba. Darussan da za su fito a matakai uku su suka cancanci kaso mafi tsoka. Bayansu sai darasin da yake cika kiredit 5 amma ba ya cikin na UTME, kamar Lissafi ga mai neman Likitanci. Wannan shi ne darasin da aka fi mantawa da shi, kuma D7 a cikinsa tana rushe maki 300. Sauran sai a ba su abin da zai hana faɗuwa.

Sai dai a yi hattara da tunanin cewa C6 ta wadatar. Akwai jami'o'in da suke mayar da darajar kiredit zuwa maki. Jami'ar Legas, alal misali, takan ba UTME kashi 50, jarrabawarta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. A irin wannan tsari, tazarar da take tsakanin A1 da C6 a darussa 5 tana iya raba wanda aka ɗauka da wanda aka bari.

Haka kuma salon jarrabawar ba ɗaya ba ne. WAEC da NECO suna neman bayani a rubuce da nuna matakan aiki. UTME kuwa tambaya 180 ce a cikin sa'a 2, Turanci 60, sauran 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗalibin da ya san darasi sarai yana iya faɗuwa saboda nawa, musamman wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Shi ya sa wasu suke ƙaurace wa aji tun daga zango na biyu su tare a wuraren lesin na JAMB suna haddace tsofaffin tambayoyi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin makin UTME na shekara ɗaya ne, sakamakon sakandare kuwa da shi za a yi ta tafiya har wajen neman aiki.

3.6 Gyara Bayan Kuskure

Kurakuran nan ba tsadarsu ɗaya ba. Wanda ya yi kuskuren haɗin darussa a UTME, shekara ɗaya da kuɗin fom ya rasa. Wanda kiredit ɗaya ya kuɓuce masa yana iya rubuta jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO ya haɗa sakamako biyu, ko da yake jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu ga Likitanci. Mafi wuyar gyara shi ne kuskuren aji huɗu. Yarinyar da ta gama a ajin fasaha, daga baya ta ga aikin jinya take so, sai ta koyi Fiziks da Kemistire da Bayoloji na shekara 3 a cikin 'yan watanni, galibi ba tare da ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Akwai kuma makarantun share fage, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Funtuwa, da shirin IJMB wanda jami'ar take kula da shi tun 1976. A IJMB ɗalibi yana karanta darussa 3 a zurfafe, in ya ci ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wannan hanya tana kewaye UTME, amma ba ta kewaye kiredit 5 ba. Ranar tantance takardu, sakamakon sakandaren nan dai shi jami'in rajista zai fara cewa a miƙo.